Layin da Babu a Takardar Goggona

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya yi manhajar takardun kotu da masu buga takardu ke aiki da ita a Garwa.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da fatan alheri. Sunana Maimuna, shekarata goma sha huɗu. Ban taɓa rubuta wa babba wasiƙa ba, a yi haƙuri da kuskurena.

Na gama lakwal, wato makarantar firamare, bara, amma ban zauna jarrabawar fita ba don ba ni da takardar haihuwa. Darektan makarantarmu ya ce sai alƙali ya ba da hukunci kafin a yi min ita, kuma idan aka rufe rajista bana ma na rasa.

Na ɗaya. Goggo Asta, yayar babana, ita ta riƙe ni tun da aka yaye ni. Iyayena suna Tibati. Allah bai ba Goggo haihuwa ba. A unguwar da muka koma kowa Maman Maimuna yake ce mata, ba ta taɓa gyara wa kowa ba, ni ma haka.

Na biyu. Mun je shagon buga takardu aka buɗe takardar neman hukunci a cikin manhajarku. Layi biyu ne kawai, uba da uwa. Mai bugawa ya ce injin ba ya wucewa gaba sai an cike duka, kuma wanda ya kawo yaro shi zai sa hannu a ɗaya daga ciki. Goggo ba ta jin Faransanci, sai ta dube ni. Ni na ce a rubuta sunanta a wurin uwa. Ban ji kamar ƙarya nake yi ba.

Na uku. Ranar Talata a kotu, mata uku na unguwarmu suna zaune a bayanmu, su ma sun zo neman na 'ya'yansu. Alƙali ya ga sunan mahaifin Goggo ɗaya ne da na mahaifin babana. Ya sa tafinta ya tambaye ta da Fulatanci ko ita ta haife ni. Ta ce a'a a hankali. Aka ce ba a ji ba, ta ɗaga murya. Ta ɗaga.

Alƙali ya ƙi karɓar takardarmu. Bayan mun fito magatakarda ya nuna min sabuwar takarda. Tana da layi na uku, na mai riƙon yaro. Ya ce tun kafin azumi aka canza ta, tamu tsohuwa ce. Mai shago ya rantse daga wurinku sabuntawa ke zuwa, kuma ba ta zo ba.

Laifin maganar nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. Amma da layin yana nan, da ban faɗe ta ba.

Ina roƙonka abu biyu. Ku sa sabuwar takardar a manhajar kafin zaman kotu na gaba, don shi ne na ƙarshe kafin a rufe rajista. Kuma ku sanar da shaguna su daina buga tsohuwar, yaran riƙo muna da yawa.

Goggo ba ta yi min faɗa ba. Sai dai jiya maƙwabciya ta leƙo ta kira Maman Maimuna, Goggo tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ba ta amsa ba. Ni na amsa mata.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka zuri'a. Wassalam.

Maimuna, daga Garwa.