Allurar Mai a Gaban Fasinja

Mama,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba, ya mutanen Oruro?

Ina lafiya a Iquique. Na sayi mota a makeken filin sayar da motoci masu araha, inda ba a barinka ka shiga mota sai ka biya. Ta Japan ce, sun dawo da sitiyari hagu, sun bar allurar da ke nuna mai can dama, gaban fasinja! Jiya mai ya ƙare mini tsakiyar hamada, na sha tafiyar ƙasa. Da na koma, dillalin ya ce, "Haba ɗan'uwa, yi aure mana, uwargida ta riƙa duba maka."

Shekara biyar kina faɗa mini haka, ban ji haushi ba sai a bakin ɓarawon nan.

Allah ya ƙara lafiya. Felisa maƙwabciyarmu tana nan?

Ɗanki,
Eulogio