Kada Ka Sauke Surukanka a Masaukin Miezah

Zuwa ga ɗana Assuah,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa daga innarka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Katrin da jikata Manye. Allah ya raya ta, ya ba ku ƙarfin renonta. Mu nan lafiya muke. Mahaifiyarka dai gwiwar nan ce take damunta duk sanda aka yi ruwa, amma ba ta hana ta zuwa coci ba, balle faɗa da masu sayen kifi. Ɗana Kaku, ɗan'uwanka, ya gama rufin ɗakinsa, matarsa kuma cikinta ya kai wata shida. Teku ya yi mana rowa a farkon shekara, yanzu kuwa ya saki hannu, har hayaƙin banda ya mayar da idanuna ja.

Kaku ya karanta mini saƙonka. Na yi murna da jin cewa za ku zo bikin Kundum, ku goma sha ɗaya har da iyayen Katrin da 'yan'uwanta. Ka ce masauki biyu ka gani, na Miezah da ke bakin kurmi da na Malama Afiba da ke kusa da gaɓar teku, kuma zuciyarka ta fi karkata ga na Miezah, domin ka ga hoton marigayi mijina Ndede a shafinsu na intanet, ka ce mutumin da bai manta da Baba Ndede ba ya cancanci a saka masa. Da na ji wannan sai da na ajiye wuƙar da nake gyaran kifi da ita. Laifinmu ne. Lokacin da abin ya faru Katrin tana kwance a asibiti za ta haihu, sai mahaifiyarka ta ce kada a ɗora maka nauyi biyu. Muka ce maka maciji ne ya sare shi, muka tsaya a nan. Yau zan faɗa maka sauran.

Ka san shekara goma sha uku ina dafa abinci a masaukin Miezah, Ndede kuma shi yake shiga da baƙi kurmi. Kowace hanya da suke bi shi ya sare ta da addarsa. Shi ya san bishiyar da cilakowa take sauka da safe, da inda birai suke tsallake rafi. Ranar wata Talata, da damina, ya fita da baƙi huɗu bayan karin kumallo. Wajen ƙarfe goma kububuwa ta sare shi a idon sawu. Bai so ya tayar wa baƙin da hankali ba, ya ɗaure ƙafar, ya dawo da su har ƙofa, sannan ya zagayo bayan madafa ya zauna a kan turmi ya kira ni. Ƙafar ta kumbura har takalmin bai fita ba sai da na yanka shi.

Na ruga wurin Miezah. Motarsa tana tsaye a tsakar gida, direba yana goge gilashi. Na durƙusa, ni da ban taɓa durƙusa masa ba, na ce a kai Ndede asibiti. Ya dubi agogonsa ya ce wai motar ta baƙi ce, ƙarfe biyu za ta kwashe su zuwa Takoradi, in ta maƙale a laka wa zai ɗauki asarar jirginsu. Ya ce wai mutumin da ya girma a kurmi ai maciji abokin wasansa ne, a nemo acaɓa. Wata baturiya a cikin baƙin ta ji kukana ta fito tana tambaya, ya yi mata murmushi ya ce ƙaya ce ta soki ɗan rakiyarsu, matan ƙauye kuma ba su san ƙaramin abu ba. Ina jin turancin nan sarai, Assuah. Shekara goma sha uku ban yi ta a banza ba.

A acaɓa muka ɗauke shi, Kaku yana tuƙi, ni ina riƙe da shi ta baya. Sau uku muna sauka muna tura babur a cikin laka. Tafiyar da mota take yi a awa ɗaya, mu sai da muka yi huɗu. Likita ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ya ce mun makara. Washegari da hantsi Ndede ya cika. Tukunyar miyar da na bari a kan wuta a madafar Miezah, har yau ban san wanda ya sauke ta ba, domin ƙafata ba ta sake taka gidan ba. Ranar jana'iza ya aiko da akwatin lemo da rumfa. Na sa aka mayar masa, aka jibge su a bakin ƙofarsa. Hoton nan da ka gani kuwa, sau biyu Kaku yana zuwa yana roƙon a cire shi. An ce masa wai hoton yana jawo baƙi. Shekara biyu ke nan mijina yana cikin ƙasa yana yi wa Miezah talla.

To ka ji abin da ya faru makon jiya. Ka san mahaifiyarka ba ta iya riƙe labari mai daɗi, kafin kwana biyu duk kasuwa ta san ɗanta zai zo da turawa. Kasuwar Miezah kuwa ta yi sanyi, tun da masu rakiya na garin nan suka daina yi masa aiki, ya koma ɗauko wasu daga birni waɗanda ba su san aku da hankaka ba. Sai ga shi a ƙofata da turmin atamfa a hamata, yana kirana yaya, shi da a da ko sunana ba ya kira, sai dai ya ce ke mai girki. Na ba shi kujera a inda hayaƙi yake kaɗawa, na ci gaba da juya kifina. Ya yi ta tari yana cewa abin da ya wuce ya wuce, mu duka gari ɗaya ne, shi ma abin yana damunsa. Na tambaye shi wane abu, don in ji ko bakinsa zai iya furtawa. Ya ce wai tsautsayin nan dai. Sannan ya roƙe ni in sa baki ka sauke baƙinka a wurinsa. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, zan rubuta maka, kuma ba abin da zan rage game da masaukinsa. Ya tashi yana godiya har da riƙe hannuna. Atamfar na ce ya tafi da ita sai magana ta tabbata.

Ban yi masa ƙarya ba, ga shi kuwa na rubuta. Tun ranar yake shiri. Ya sa an shafe ɗakuna da sabon fenti, ya sauya katifu, ya ɗaure awaki biyu a bayan gida, yana gaya wa mutane wai turawan Assuah nasa ne. Mahaifiyarka ta ce in ji tsoron Allah in aika masa ya daina wahala. Shugaban cocinmu ma ya zo ya yi mini wa'azin yafiya, na saurare shi da ladabi, na ce masa zan duba maganar bayan Kundum. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Game da gidan Malama Afiba, ba zan yaudare ka ba. Ɗakuna shida ne, ba su da na'urar sanyi, sai fanka da gidan sauro, wuta kuma takan ɗauke. Amma zanen gadonta fari ne tas, ruwanta na rijiya mai kyau ne, da safe tana ba da aceke, dambun rogon nan, da soyayyen kifi da ruwan kwakwa da aka sare a gabanka. Daga barandarta surukanka za su ga masunta suna jan koma. Kurmi kuma tafiyar rabin awa ce, Kaku zai shiga da su ta hanyoyin mahaifinsa. Na tambaye ta abu ɗaya kawai, in wani ya kamu da ciwo me take yi. Ta nuna mini tsohuwar motarta, ta ce makullin yana rataye a ƙusa a bakin ƙofa, kowa ya san wurin. Ka kama ɗakunan duka, ka yi magana da ita ita kaɗai, ka ce ta yi shiru. Shekara talatin tana koyarwa, ta iya riƙe baki.

Abu biyu nake roƙonka. Na farko, kada ka amsa wa Miezah ko ya kira ka, kada ka ce e, kada ka ce a'a. Na biyu, ranar da za ku iso, ku tsaya a mararrabar gari ku ɗauke ni. Zan sa farin zanena na fita takaba, in zauna a gaba kusa da direba. Hanyar gidan Afiba ta bi ta ƙofar Miezah, na kuma san zai fito ya tsaya da ma'aikatansa a jere, kamar yadda yake yi in yana jiran manyan baƙi. Ina so direba ya rage gudu sosai, har ya fara ɗaga hannu. Ba zan zage shi ba, ba zan ce komai ba. Zan sauke gilashi ne kawai ya gan ni da kyau, sannan mu wuce. In surukarka ta tambaye ka wane ne wannan, ka faɗa mata gaskiya da harshensu, kada ka ce ƙaya ce.

Ka gaishe mini da Katrin, ka ce mata ina ajiye mata busasshen jatan lande. Ka gaishe da iyayenta, ka sumbaci Manye a goshi. Mahaifiyarka Yaba tana gaishe ku, haka Kaku da matarsa Nyanko, da kawunka Tanoe wanda ya ce in tuna maka maganin idonsa. Allah ya kawo ku lafiya, ya nuna mini wannan rana da idona.

Ni ce innarka,
Avola