Yawun da Na Tofa

Talata, 2 ga Maris, 2021
Wata 'yar sanda ta zo, Ramirez. Tun bara jikata Kayla ta sa na tofa yawu a 'yar kwalba, aka aika gwaji, wai mu gano asalin kakanninmu. Har na manta. Ashe 'yan sanda sun gwada sakamakon da jinin da aka samu a rigar Tammy Kessler, yarinyar da aka shaƙe a bayan gonar masara a 1987. Ina aiki a kantin magani lokacin, na san uwarta.
Ta ce, "Mai jinin nan ɗan'uwanki ne, uwa ɗaya uba ɗaya."
Su biyu gare ni. Wendell ya rasu. Saura Curtis.

Laraba, 3 ga Maris
Curtis ne. Wa kuma? Giya, faɗa, gidan yari.

Lahadi, 7 ga Maris
Curtis ya zo cin abinci bayan coci kamar kullum. Na gasa kaza, na zauna ina ta kallonsa. Ya ce, "Marlene, wannan kallon fa? Ko na yi ƙaho ne?"
Na faɗa masa. Ya ajiye cokali a hankali.
"Kira 'yar sandar ta zo ta ɗiba. Yawu dai ko? Ina da shi har na sayarwa."
Bai yi dariya ba. Ni ma.

Alhamis, 15 ga Afrilu
Ba Curtis ba ne.
Ɗan Wendell ya ba da nasa yawun. Ya tabbata.
Wendell. Shi ya bar makaranta ya shiga masana'anta da Baba ya mutu, don ni in gama. Shi ya riƙe hannuna ranar aurena. A shekarar 1987 ɗin, watan Yuni. An kashe Tammy a Afrilu. Da wannan hannun ke nan.

Juma'a, 16 ga Afrilu
Ko ƙofar gida ban leƙa ba.

Lahadi, 18 ga Afrilu
Curtis bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya.
"Ni kika zata ko?"
Kafin in buɗe baki ya ci gaba.
"Ba komai. Ni ma da na ji, sai da na zauna ina tuna inda nake a watan nan."
Kayla ta kira tana kuka, "Kaka, ni na jawo." Na ce ta rufe min baki.

Litinin, 3 ga Mayu
Na haɗu da uwar Tammy a wurin ajiye motoci, tana dogara sanda. Na rasa inda zan sa fuskata. Ta ce, "An ce da ba don ke ba, da na mutu ban sani ba." Ba godiya ba ce. Ta wuce.

Laraba, 26 ga Mayu
Ruwa duk yini. Sabuwar maƙwabciya ta shigo shan kofi, mai surutu ce. Ta tambaye ni 'yan'uwa nawa gare ni. Na ce ɗaya, yana zuwa ranar Lahadi.
Sai da ta tafi na lura. Ban bi ta na gyara ba.