Baƙo a Kan Tabarmata

Limanti, Yerwa,
Janairu, 1963.

Zuwa ga ɗana Hamisu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Yaya matarka Binta, yaya jikin nata? Yaya Kano da mutanenmu na can? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ka sani. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ita ce ma ta sa na fara da gaisuwa, don da son raina ne da ba da ita zan fara ba.

Malam Simon na bakin gidan waya ne yake rubuta mini, na kuma gaya masa duk abin da ya fito daga bakina ya sa, kada ya gyara mini.

Ranar Litinin ina zaune a wurina, gindin darbejiyar layin 'yan ƙaro, sai na ga masu wucewa suna kallona suna murmushi. Can aka kawo mini jarida, wannan taku da kake aiki a cikinta. Na ga kaina, rawani a karkace, na riƙe hannun Alhaji Maikuɗi da hannu biyu. Na sa aka karanta mini, na ce a sake. Wai dattijon kasuwa ya shaida Alhaji ba shi da tabo a ciniki, shi ya cancanci shugabancin ƙungiyar 'yan kasuwar lardin nan da yake nema. Wai kuma maganar buhunan ƙaron nan da abokan takararsa suke tonowa, aikin wani ɗan kudu ne mai suna Polycarp. Ni na faɗi haka? A ina? Da wane bakin?

Ga yadda aka yi. Wani ma'aikacinku, Musa, ya zo bincike. A motar Alhaji ya zo, tare da Alhajin. Suka yi sallama, na matsa musu a tabarmata, na sa aka kawo ruwa suka sha. Alhaji bai gama ajiye moɗa ba wannan Musa ya zaro alƙalami, wai in gaya masa abin da na sani game da buhunan nan. Mutum yana zaune a tabarmata, ruwana yana cikinsa, in tsiraita shi a gaban baƙon ido? Wa ya rene shi, wannan Musan? Na ce masa yanzu ba lokacinta ba ne, ya dawo shi kaɗai. Na tashi na raka su mota kamar yadda ake raka kowane baƙo, Alhaji ya miƙo hannu na karɓa, aka ɗauki hoto. Musa bai dawo ba. Washegari ya kama hanyar Kano.

To ga abin da zai ji da ya dawo. Shekarar da kogin Ngadda ya cika ya shiga gidajen mutane, kana ƙarami, Alhaji ya sayar wa Polycarp ƙaro, Polycarp ya kai wa kamfani da sunansa. Aka farke buhu, sama ƙaron ɗakwara ne mai kyau, ƙasa na farar ƙaya da tsakuwa. A gabana aka dawo da su, ni ne dillali, ɗinkin bakin buhun ma na yaran Alhaji ne, kowa a layin ya san shi. Alhaji ya zo ya durƙusa a gaban dattawa ya yi kuka. Muka roƙi Polycarp ya rufa masa asiri, ya yarda, ya je ya shanye zagin Baturen kamfanin shi kaɗai. Dattawan da muka zauna da su duk sun riga mu gidan gaskiya. Saura ni.

Yau ga sakayyarsa. Tun da jaridarku ta fito kamfani ya dakatar da karɓar kayan Polycarp. Mutanen ƙauye da suka saba sauke masa ƙaro suna wuce shagonsa kamar ba su san shi ba, wai tunda Baba Ya'akubu ya faɗa. Jiya ya zo ya tsaya a gabana, ya cire hula ya gaishe ni kamar kullum, ya tafi. Da ma zagina ya yi.

Ka je wurin babbanku ka gaya masa a buga cewa ban faɗa ba, da girman baƙaƙen da aka buga ƙaryar. Ina jiran amsarka.

Ka gaida Binta. Allah ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
Ya'akubu Dillali.


Limanti, Yerwa,
Fabrairu, 1963.

Zuwa ga Hamisu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ibada, yaya ƙishirwa? Mun ji daɗi da Binta ta samu sauƙi. Mahaifiyarka ta ga turmin atamfa, ta gode.

Takardarka ta iso. Malam Simon ya karanta mini, da ya kai tsakiya ya tsaya yana tari. Na ce ya ci gaba, ba shi ya rubuta ba.

Ashe kai ne. Ashe da hoton ya iso ofishinku kai ka gane ni, ka zaga da shi kana nuna wa abokan aikinka, ka ce wa edita wannan mahaifina ne, duk Barno ba a musa maganarsa, ba kuma ya miƙa wa macuci hannu. Ka zauna da hannunka ka rubuta abin da aka sa a ƙarƙashin hoton. Ka ce don alfahari da ni ka yi. Hamisu, a gindin darbejiyar nan ka yi rarrafe. Sau nawa ka ga na raka mutum har bakin hanya, na dawo na ce a wanke moɗar da ya sha ruwa da toka? Boko ya shafe maka wannan ma?

Sai kuma editan naku. Wai ba ya janye labari sai da takardar shaida mai hatimi. Da zai buga ƙaryar wane hatimi ya nema? Hotona ya ishe shi ya kashe wa mutum kasuwa, amma bakina bai isa ya tashe ta ba. Wai kuma a bari sai bayan zaɓe, kada a ce jarida ta ɗauki ɓangare. Ai ta riga ta ɗauka, a motar Alhaji ta zo. Malam Simon ya ce kalmar da na kira editan da ita ba ta shiga wasiƙa. Mun yi musu, azumi ya sa na bar masa.

Polycarp ya fara ɗaure kaya. Matarsa Augustina ta zo wurin mahaifiyarka sallama, ta kawo mata tukwanen da ba za su iya ɗauka ba, suka zauna suna ta kuka. 'Ya'yansu duk a Yerwa aka haife su, Barbarci ya fi zama a bakinsu fiye da nawa. Sun yi magana da mai lori, bayan Litinin mai zuwa za su tafi.

Mahaifiyarka ta ce in je gidan Alhaji in roƙe shi ya fito ya faɗi gaskiya. Ni in je zaurensa, in zauna a shimfiɗarsa? Ba za ni ba. Na bar jiran jaridarku kuma. Yau na naɗe tabarmata na kawo ta gida.

Ka gaida iyali.

Mahaifinka,
Ya'akubu.


Limanti, Yerwa,
Ƙarshen azumi, 1963.

Zuwa ga ɗana Hamisu,

Bayan gaisuwa, yaya gida, yaya Binta, yaya aiki? Mu nan sai godiya. Na ji ka rubuto wa mahaifiyarka kana tambaya ko har yanzu ina fushi. Ina yi.

Tun ranar da na naɗe tabarma, kullum da safe sai in wuce darbejiya in je shagon Polycarp in zauna a bencinsa. Ya yi ta roƙona in tashi, wai kada in jawo wa kaina. Na ce benci nasa ne, in korata zai yi ya kore ni. Ya rasa yadda zai yi, ya ɗauko mini matashi saboda gwiwa.

Ranar Litinin, ana jibi zaɓe, Alhaji ya shigo kasuwa da jama'arsa da mai ɗaukar hoto, yana son a sake irin na farko. Suka je gindin darbejiya ba kowa. Aka nuna musu inda nake. Ya iso da fara'arsa, kasuwa ta biyo shi, ya miƙo hannu yana cewa ya zo gaida babansa. Ban tashi ba, hannuna yana kan sandata. Na ce, "Alhaji, rannan a tabarmata ka same ni, na yi shiru. Yau ni ma baƙo ne. Mai wurin ga shi nan tsaye, shi ne wanda ka durƙusa wa."

Daga nan na faɗe ta tun daga farko, da Hausa, na maimaita da Barbarci don mutanen ƙauye. Na faɗi shekarar, na faɗi ɗinkin buhun, na kira sunayen dattawan da suka zauna ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan wasunsu suna cikin taron. Alhaji ya ce tsufa ne ya kama ni. Na ce ga Alƙur'ani a masallacin kasuwa, mu je ni da shi, da azumi a bakinmu. Ya duba agogo, ya ce ana jiransa a layin 'yan fata. Mai hoton kuwa ko akwatinsa bai buɗe ba, don haka kada ka wahalar da kanka neman labarin a ofishinku.

Alhaji ya ci zaɓensa. Masu jefa ƙuri'a daga garuruwan lardi suka zo, jaridarku suka ji, ba su ji ni ba. Aikinsa na farko, ya sa an ba wani ɗan'uwansa gindin darbejiyata, wai ai na bar ta da kaina. Wurin da na zauna tun kafin in auri mahaifiyarka. Allah ya isa.

Amma washegarin Litinin ɗin nan, hantsi bai yi ba jakuna suka tsaya a ƙofar Polycarp, mutanen Gubio ne da ƙaronsu. Babbansu ya sauke buhu ya ce a farke shi daga ƙasa, kowa ya yi dariya. Wakilin kamfani ma labari ya kai masa, ya aiko a kawo kaya. Mai lori ya zo ya koma wayam. Augustina ta zo ta karɓi tukwanenta, mahaifiyarka ta riƙe ɗaya ta ce ladan ajiya ne. Yanzu a bencin nan nake dillancina. Ba inuwa sosai, amma akwai matashi.

Har yanzu ina son a buga gyaran. Zaɓe ya wuce, editanku ba shi da sauran abin fakewa. Ka ci gaba da tsaya masa a ka.

Mahaifiyarka ta ce lalle ku zo Salla kai da Binta, ni ma na ce ku zo. Tabarmar tana nan a zaure, zan shimfiɗa maka ita, a kawo maka ruwa ka sha ka huta. Sai dai ka sani, Hamisu, ɗa ba baƙo ba ne. A kanta za ka ji sauran abin da Malam Simon ya ƙi rubutawa.

Allah ya kawo ku lafiya.

Ni ne mahaifinka,
Ya'akubu Dillali.