Damin Farko Daga Gonarka

Zuwa ga taubashina, marigayi Mamman Sani, shugaban kwamitin lekwal, makarantar bokon garinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai cewa mu nan lafiya lau, ko dai abin da ake kira lafiya. An yi girbi, geron bai yi laifi ba. Ina ci, ina kwanciya, ina tashi. Mutane suna ce mini ya haƙuri, ina cewa da godiya. Amma tun ranar da muka dawo daga rakiyarka ban ji komai ba, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Maganar lekwal ce ta sa na ɗauki alƙalami, don na san ko a can ita za ka fara tambaya.

Ka tuna bayanin da kake yi wa sababbin iyaye? "Lekwal tukunya ce a kan duwatsu uku. Ansifekta ya aiko mushe, wato malami, meri ta magajin gari ta aiko alkawari, mu kuma mu kawo kara. Darekta, shugaban malamai, yana tsakiya yana hura wuta, hayaƙin duk a idonsa." Ana dariya, amma kowa ya gane wurinsa. Iyaye su zaɓi kwamiti, kwamiti ya zauna da darekta, darekta ya kai takarda sama, takarda ta je ta huta.

Ajin siminti biyu gare mu, sauran na kara ne, kowace kaka sai an sake su. Kai ka saba ɗauko damin farko a kanka, ka ratsa gari da shi kana nishi da gangan don a ji. Sai ka jefar a filin lekwal, sannan kowa ya fito da nasa. Babu takardar da ta ce haka. Kai ka fara, muka mayar da shi doka.

To bana kowa ya tsaya jiran damin farko.

Kara ga shi nan jibge a gonaki, har awaki sun gaji da shi. Amma wa zai fara ɗauka a ce yana neman kujerar Mamman tun ƙasarsa ba ta bushe ba? Darekta ya kira taron zaɓe sau biyu. Aka zo, aka yi maka addu'a, aka watse, ba wanda ya tsaya. Ni da nake mataimakinka aka dube ni, na ce a bari Hajo ta fita takaba. Kunya muka ji, taubashi, sai dai kunya ba ta inuwa.

Haka ansifekta ya zo ya iske 'yan aji biyu a gindin itacen bedi, Madam Zainabu tana riƙe da allo da hannu ɗaya don kada iska ta kayar. Baiwar Allah kullum daga Sabon Gari take hawo kabu-kabu, ta zo ta bi inuwa duk inda ta juya. Ansifekta bai yi faɗa ba. Cewa ya yi can wajen Tsibiri akwai aji da rufi babu malami, mu muna da malama babu rufi, in Litinin ta yi ba mu ɗaga rumfa ba zai ɗauke ta. Ka san sauran. Yaron da ya zauna gida shekara guda ba ya komowa, kuma jikanyarka Rabi tana cikinsu.

Ina tsaye ina jin maganar kamar daga ƙasan rijiya.

Ranar Asabar da hantsi na je ƙofar gidanka na yi sallama, na roƙi Hajo karan gonarka ta hanyar Jiratawa. Daga ciki ta ce, "Karan nasa ne, lekwal ɗin tasa ce, ni me kake tambayata?"

Na je na ɗaure dami guda. Ka san tun muna yara kake cewa ni rago ne, ko ƙwaryar fura sai an aza mini. To rago ya ɗauka. Na bi hanyar da kake bi, duk wanda na gamu da shi na ce masa na Mamman ne, aiko ni ya yi. Ba wanda ya yi dariya. Kafin azahar fili ya cika, har mutanen ƙauyen gabas da ba su yarda da boko ba sai don kai, sun zo da dirkoki. Ranar Lahadi aka rufe rumfa. Madam tana nan.

Za a yi zaɓe Juma'a mai zuwa, kowa ya jefa takardarsa a ɓoye yadda kake so. Wataƙila ni za su aza wa. Ban yi murna ba, ban ƙi ba.

Abu ɗaya kawai. Tun ranar da na ɗauki damin wuyana yake ciwo, kuma shi ne abu na farko da na ji tun da ka tafi. Hajo ta aiko da man zafi. Ban shafa ba tukuna.

Allah ya kai haske kabarinka, ya yi maka inuwa kamar yadda ka yi wa 'ya'yan mutane, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.

Naka, ragon da ka bari da kaya,
Issa