Injinka Ya Koma Cin Kashin Shanu

Zuwa ga Yaya Mamman,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kabari ya yi maka faɗi da haske. Na san babu direban da zai kai maka takardar nan, ko da kuwa masu lodin albasa na kasuwar Ose ta nan ƙasar Ibo ne da ba su ƙin saƙo. Amma labarin ya fi ƙarfin cikina, kuma kai ya kamata ka fara ji.

Janaretanka na ɗakin sanyin kwata bai mutu ba, Yaya. Saura ƙiris dai. Bayan rasuwarka dizal ya yi tashin da ba ka taɓa gani ba, muka koma kunna shi rabin yini. Nama ya fara canza launi kafin ya kai kasuwa. Matan da ke sayar da kifi a bayan katangarmu kuma suka kai ƙara kan hayaƙi, da gaskiyarsu, don zanen da suka shanya fari baƙi suke kwashe shi. Mahauta suka zauna suka yanke a sayar wa masu gwangwan da injin a rufe ɗakin. Har wani ya zo ya ƙwanƙwasa shi da guduma kamar mai taya sa.

Sai ga ɗiyarka Hadiza daga Inugu, da takardar kammala karatun injiniya da wata magana da ta sa kwata duka dariya. Wai tulin kashin shanu da dattin tumbi da muke biyan a kwashe, shi zai tuƙa injin. Ka ji fa! Ni ma na dara, amma na ga idonta irin naka ne idan ka kafe, sai na roƙi a ba ta lokaci.

Ta sa aka gina rami mai murfi, ana zuba kashin da ruwa, yana ruɓewa yana fitar da gas. Ta ja bututu zuwa inda injin ke shaƙar iska. Ta bayyana mini cewa injin dizal ba shi da fulogi, matse iska yake yi har ta yi zafi man ya kama da kansa. Shi gas ba ya kamawa haka, don haka ana barin dizal ɗan kaɗan ya kunna, gas ya ɗauki sauran aikin. Kamar kananzir ɗin da ake ɗiga wa gawayi. In gas ya ƙare, injin ya koma dizal ɗinsa ba gardama.

Ka san mutanenmu. Ba su tambayi ko zai yi aiki ba, tambayarsu ita ce ko naman da aka sanyaya da iskar kashi ya halatta. Har gaban liman muka je. Ya saurara yana danne murmushi, ya ce kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, balle iskarsa da ko naman ba ta taɓawa.

Ranar gwaji kowa ya zo, har masu kifin. Aka tashe shi da dizal, ya yi tarin nan nasa, ya turnuƙe mu. Hadiza ta ce ni zan buɗe famfon gas, tunda wurin babanta ne, ni kuma ƙaninsa. Yaya, ban taɓa gaya wa kowa ba, tun da muka kai ka ban sake shiga ɗakin injin ba. Ba na iya jin ƙararsa babu muryarka a kai. Duk da haka na murɗa.

Sai ƙarar ta yi laushi. Baƙin hayaƙin ya dinga sirancewa har sai ka ƙura ido kafin ka gan shi. Wata cikin masu kifin ta rungume Hadiza, suna ta zuba Ibonci ina kallonsu kamar baƙo. Da kana nan, me za ka yi? Na san sai ka kara kunne a jikinsa tukuna kafin ka yarda.

Yanzu ɗakin yana sanyi tun safe har a tashi. Jarkar dizal da a da ba ta kai mu ko'ina, yanzu sai mu manta yaushe aka cika ta. Mahautan Fatakwal sun aiko suna son gani. Yara kuma, waɗanda sai da tsawa suke share kwata, yau har faɗa suke a kan kashi.

Mai gwangwan ya dawo da motar ɗauka. Na ba shi kujera da balangu, ya ci yana sauraron injin, ya tafi da motarsa wayam.

Allah ya kai rahama kabarinka, ya haɗa mu da alheri.

Ƙaninka da ya koma zama a ɗakin injin,
Garba