Ganyen Taksus a Makiyayar Douwe

Zuwa ga ɗana Sjoerd,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a Jamus. Ubanka yana asibiti.

Ka san tun da na warke daga ciwon daji yake aske shingenmu na itacen taksus duk bazara, motar kamfani ta kwashi ganyen a yi maganin cutar da shi. Bana motar ba ta zo ba. Na ce ya kai juji, ya ƙi, ya zube ganyen a bakin wayar da ta kewaye makiyaya. Goɗiyar maƙwabcinmu Douwe ta miƙo wuya ta ci, ta faɗi tana shure-shure, ta mutu da ɗa a ciki.

Douwe ya shigo da shebur. Ya ce, "Wiebe, ka tsufa a ƙauyen dawaki ba ka san guba ba?" Ubanka ya ce, "Ka koya wa dabbarka ladabi." Douwe ya sauke masa shebur a muƙamuƙi. Na tsinci haƙora uku a ciyawa.

Duka biyun sun yi laifi. Ka zauna kan aikinka.

Mahaifiyarka,
Aaltje

*

Mama,

Ina gaishe ki. Tun bara na gaya wa Baba ya daina wahala. A nan ɗan guntun ganye muke yanka, mu rene shi a kwalba, ƙwayoyinsa su hayayyafa, mu juye su a tanki su yi ta ba da maganin. Ba ma buƙatar shingen kowa.

Kin wanke jinin Baba sannan kina raba laifi? Ina zuwa ranar Asabar. Ki ce wa Douwe ya ajiye shebur ɗin kusa.

Ki huta lafiya,
Sjoerd

*

Sjoerd,

Gaisuwa. Ba ni da ɗan daba. Hannun da ke renon abin da ya tashe ni daga gadon mutuwa ba na karya ƙashi ba ne. Wanda aka ɗaure ba ya komawa wannan aikin, ka sani. Idan ka taɓa mutumin nan, ni ba zan rufa maka asiri ba.

Allah ya shirye ka,
Mama

*

Ɗana,

Ina fatan suna ba ka bargo a kurkukun. Douwe zai rayu, amma hannun damansa ba zai ƙara riƙe linzami ba. Ubanka na zuƙar miya da bututun roba, ba ya yi mini magana.

Ka tambayi lauya wa ya kira 'yan sanda. Ni ce. Ta tagar kicin na ga duk abin da ka yi wa Douwe, kuma haka zan faɗa wa alƙali.

Na aiko maka da safa.

Mahaifiyarka,
Aaltje